Yaya ake gane objective complement a jimlar Turanci?

Ɗaliba mai shirin WAEC:
Assalamu alaikum, iyayena malamai da yayyena na wannan zaure. Ina da wata tambaya a kan nahawun Turanci wadda ta hana ni sakat tun makon jiya. A gwajin da aka yi mana a makaranta an ja layi a ƙarƙashin kalmomin "the captain of the team" cikin jimlar "The coach made Audu the captain of the team", aka ce mu faɗi sunan wannan yanki a nahawu, mu kuma faɗi aikinsa a jimlar. Na rubuta noun phrase, aka ba ni makina. Da na zo kan aikinsa sai na rubuta direct object, aka soke, malamin ya rubuta objective complement da jar biro a gefen takarda. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a darasin da ya gabata an kawo mana "The coach gave Audu a new ball", aka ce "Audu" indirect object ne, "a new ball" kuma direct object ne. A idona ginin jimlolin biyu ɗaya ne: aikau (subject), aikatau (verb), suna, sai kuma wani sunan. Don Allah da me zan riƙa bambance su?

Malamin Turanci na sakandare:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ba ke kaɗai wannan wuri yake kayarwa ba, kuma dalilin shi ne ɗalibai sukan tsaya ƙirga sunayen da suka biyo bayan aikatau, ba su tambayi alaƙar da ke tsakanin sunayen ba. Ki ɗauki abubuwa biyun da suka zo bayan aikatau, ki ware su gefe guda, ki saka kalmar "is" a tsakaninsu. A jimla ta farko za ki sami "Audu is the captain of the team", magana mai ma'ana, wadda kuma ita ce ainihin abin da ya tabbata bayan kocin ya gama aikinsa. A jimla ta biyu za ki sami "Audu is a new ball", wanda hankali ba zai ɗauka ba. Audu da kyaftin mutum ɗaya ne. Audu da ƙwallo kuwa abubuwa biyu ne daban, ɗaya ya tashi daga hannun koci ya shiga hannun ɗayan. Duk inda abu na biyu ya zamana shi ne na farkon, ko yana siffanta shi, ko yana ba shi sabon suna ko sabon matsayi, to ba karɓau (object) na biyu ba ne, cikamakon karɓau ne, wato abin da malaminku ya rubuta miki da jar biro.

An kira shi cikamako ne saboda sau da yawa idan aka cire shi magana takan bar giɓi, ko ma'anarta ta karkace. Ki tsaya a "The coach made Audu" ki ji yadda ta koma kamar kocin ne ya ƙera yaron. Aikatan da suka fi ɗaukar wannan gini su ne irin su make, elect, appoint, name, call, declare, consider, find, keep, leave da paint. Kuma ba lallai ne cikamakon ya zama suna ba, sifa ma tana zama a wurin, kamar a "The news made Audu happy" da "They painted the gate green". Ga misalin da nake yawan rubutawa a allo: "Nigerians elected Shehu Shagari president in 1979". A nan Shagari shi ne karɓau, "president" cikamakonsa, "in 1979" kuma bayanau ne na lokaci wanda ba shi da hannu a zancenmu. Ki lura ba a sa "a" ko "the" kafin "president" ba, domin Turanci yakan bar su idan muƙami ne da mutum ɗaya yake riƙewa a lokaci guda.

Mai aikin fassara:
Allah ya saka wa Malam da alheri. Abin da nake son ƙarawa ya fito ne daga aikina na yau da kullum, kuma shi ne cewa Bahaushe ya zo wannan darasi da jari a hannunsa, sai dai ba a nuna masa ba. Mu ma muna da wannan gini: an naɗa shi sarki, sun zaɓe ta shugaba, an mayar da shi bawa, na ɗauke ka ɗan'uwa. Bambancinmu da Turanci shi ne mu mukan sauya wakilin suna, su kuwa suna barin "him" ɗinsu ɗaya ya yi aiki biyu. Ku duba jimlar "They called him a doctor". Idan mutumin ba shi da lafiya ne aka aika a ɗauko mai duba shi, a Hausa cewa za mu yi sun kira masa likita. Idan kuwa laƙabi suka ba shi, cewa za mu yi sun kira shi likita. Jimlar Turancin ɗaya ce, harafi bai sauya ba, amma a ma'ana ta farko "a doctor" karɓau ne kai-tsaye, a ta biyu kuma cikamako ne. Haka "I found her a good tailor" take: ko dai na samo mata tela mai kyau, ko kuma na same ta gwanar ɗinki ce. Saboda haka, ƙanwata, idan kin shiga shakka ki juya jimlar zuwa Hausa a zuciyarki. In kika ji masa, mata, mini ko mana, karɓau biyu ke nan. In kika ji shi, ta, ni ko mu, cikamako ne ya biyo baya.

Ɗalibin digiri na biyu a kimiyyar harshe:
Yaya, misalin likitan ya yi kyau ƙwarai, amma a gafarce ni, ƙa'idar da ka kafa a ƙarshe za ta yaudari wannan ɗaliba a kan jimlar da ta kawo da kanta. Juya "The coach gave him a new ball" zuwa Hausa: kocin ya ba shi sabuwar ƙwallo. Ga "shi" nan ya fito, babu "masa", kuma duk da haka ƙwallo ba cikamako ba ce. Aikatau "ba" a Hausa yakan ɗauki shi, ta ko ni kai-tsaye, ba masa, mata ko mini ba, kuma ba shi kaɗai ba ne, muna cewa ya biya ni kuɗina, ya tambaye ni hanya, ya hana ni barci, alhali ni ba kuɗi ba ne, ba hanya ba ne, ba barci ba ne. Ta ɗaya ɓangaren ma ƙa'idar tana da ɓaraka. "They named him Audu" cikamako ne tsantsa a Turanci, amma Bahaushe cewa zai yi sun raɗa masa suna Audu, ga "masa" ya shigo. "They painted the gate green" kuwa mukan ce sun yi wa ƙofar koren fenti. Ashe ke nan fassara tana bin aikatan da mai fassara ya zaɓa ne, ba ginin jimlar asali ba.

Mai aikin fassara:
Na karɓi gyaran, ƙanina, musamman na "ba shi", domin a nan babu ta cewa. Sai dai ban janye duka ba. A jimlolin da ke da fuska biyu, irin na likita da tela, har yanzu ban ga abin da ya fi masa da shi saurin buɗe wa Bahaushe ido ba. Abin da ya kamata in ce shi ne, bayan an fassara a ƙara gwajin dirka: shin za a iya cewa shi kyaftin ne, shi Audu ne, ƙofar koriya ce? In "ne" ko "ce" ta zauna daram, cikamako ne. Wannan kuwa gwajin Malam ne na "is" ya sa rigar Hausa.

Dattijo, tsohon malamin nahawun Larabci:
'Ya'yana, ina biye da ku tun ɗazu, kuma ni Turancina bai taka kara ya karya ba, amma abin da kuke faɗa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malami a zaure. A Ajurrumiyya, littafin nahawun Larabci, akwai babin abubuwan da ke shiga a kan mubtada'i da habari, wato abin da ake magana a kansa da labarin da aka bayar game da shi, na uku a cikinsu shi ne zanantu da 'yan'uwanta, irin su hasibtu, alimtu, wajadtu, ittakhaztu da ja'altu. Waɗannan aikatan suna nasabta maf'uli biyu, wato suna ɗaukar karɓau biyu, amma malamai sun ce asalin maf'ulan nan biyu mubtada'i ne da habari. Idan ka ce zanantu Zaidan ƙa'iman (na zaci Zaidu a tsaye yake), ka cire aikatau, abin da zai rage maka shi ne Zaidun ƙa'imun (Zaidu a tsaye yake), cikakkiyar jimla. Aikatan bayarwa kuwa, irin su a'aɗa (ya bayar) da kasa (ya tufatar), su ma maf'uli biyu suke nasabtawa, amma in ka cire aikatau daga a'aɗaitu Zaidan dirhaman (na ba Zaidu dirhami) ba za ka ce Zaidu dirhami ne ba. Wannan shi ne rabon da kuke yi tsakanin kyaftin da ƙwallo. Malaman Larabci har sun kasa na farkon gida biyu, aikatan zuciya masu nuna zato ko yaƙini, da aikatan juyarwa masu nuna an mayar da abu wani abu. Ina so masu Turanci su gaya mini ko su ma suna da wannan rabo.

Malamin Turanci na sakandare:
Allah ya gafarta Malam, suna da shi, kuma ya faɗi daidai a kan naku. Akwai cikamakon da ke nuna sakamakon aikin, kamar a make, elect, appoint, paint da "She wiped the table clean", inda tsabtar teburin ta samu ne saboda gogewar. Akwai kuma wanda ke nuna halin da abin yake ciki ko yadda ake ganinsa, kamar a consider, find, think, keep da "He drinks his tea cold", inda shan shayin ba shi ne ya sanyaya shi ba. Na yi shekaru ina koyar da wannan darasi ban taɓa haɗa shi da babin zanantu ba, alhali ɗalibaina da yawa suna zuwa islamiyya da yamma. Bambancin da nake gani kawai na suna ne: nahawun Larabci ya bar na biyun da sunan maf'uli, na Turanci kuwa ya cire shi daga sahun karɓau gaba ɗaya, kuma yana da hujjarsa.

Ɗalibin digiri na biyu a kimiyyar harshe:
Hujjar ita ce gwajin da ni na fi dogara da shi, wato juya jimla zuwa passive. A Turanci karɓau na gaskiya yana iya komawa gaban jimla ya zama aikau. Daga jimlar ƙwallo za a iya samun "Audu was given a new ball", a kuma samu "A new ball was given to Audu", duka biyun lafiya lau. Daga jimlar kyaftin kuwa "Audu was made the captain of the team" ce kaɗai ke tsayuwa, domin "The captain of the team was made Audu" ba ta ba da ma'anar da ake nufi. Tunda ya ƙi komawa gaba, ba karɓau ba ne. A lura kuma cewa bayan an juya jimlar, Audu ya zama aikau, don haka sunan cikamakon ya sauya zuwa subject complement, wato cikamakon aikau. Wannan wuri ne da ake kama ɗalibai a jarrabawa, a ba su "He was elected chairman" su rubuta objective complement don kawai sun haddace cewa "elect" yana cikin jerin aikatan. Akwai kuma gwajin "to" da "for": ana cewa "gave a new ball to Audu" da "called a doctor for him", amma ba a cewa "made the captain to Audu".

Malama mai koyarwa a kwalejin ilimi:
Na gode wa kowa. Ni inda nake ganin ɗalibaina suna tuntuɓe ba a kan sunaye biyu ba ne, a kan sifa ne. Ku kwatanta "They painted the green gate" da "They painted the gate green". Kalmomin iri ɗaya ne, amma a ta farko ƙofar dama koriya ce kafin a taɓa ta, ba mu ma san launin da aka shafa mata ba, kuma "green" ɓangare ne na yankin suna. A ta biyu fentin ne ya mayar da ita koriya. Yaranmu suna shan wahala a nan saboda a Hausa farar riga da riga fara duk suna yiwuwa a yankin suna guda, sai su ɗauka Turanci ma wasa yake da wurin sifa. Na biyu shi ne rikita sifa da bayanau. "She found the question easy" tana nufin tambayar ta zo mata da sauƙi, "She found the question easily" kuwa tana nufin ba ta sha wahalar gano inda tambayar take ba. Sauƙin na farko na tambayar ne, na biyun na neman ne. Amma kada a ɗauka duk sifar da ta zo bayan karɓau cikamako ce. A "The police arrested the man responsible", kalmar "responsible" tana faɗa mana wane mutum ne aka kama, tana manne da "the man". A "The court held the man responsible" kuwa cikamako ce. Hanyar rarrabewa ita ce a maye gurbin karɓau da wakilin suna: "held him responsible" ta zauna, "arrested him responsible" ba ta zauna ba, domin "him" ya haɗiye yankin sunan duka har da sifar.

Wani malami daga Maraɗi:
Mu da muka yi karatu da Faransanci muna kiransa attribut du complément d'objet direct, kuma gwajin da Malama ta kawo na wakilin suna shi ne wanda aka koya mana. A "Je trouve ces mangues bonnes", idan aka maye karɓau da wakilin suna za a sami "Je les trouve bonnes", sifar ta tsaya a waje, ba ta tafi tare da sunan ba. Mu muna da ƙarin alama, domin sifar tana bin karɓau a jinsi da adadi. A Turanci na lura sunan ne kaɗai ke nuna wannan, kamar a "They made the boys prefects", inda ba a cewa "a prefect".

Ɗaliba mai shirin WAEC:
Iyayena, na gode ƙwarai, na cika shafi biyu da rubutu. Amma na gwada gwajin "is" a kan wasu jimloli na littafinmu, sai na sake rikicewa. A "She put the book on the table" na sami "The book is on the table", wadda daidai ce. Ke nan "on the table" cikamako ne? Sannan littafin ya kawo "I saw the boy running" da "We heard her sing" a ƙarƙashin objective complement, alhali "She is sing" ba Turanci ba ne.

Malamin Turanci na sakandare:
Madalla, 'yata, kin kama gwajina a inda yake da rauni. Gwajin "is" yana da kyau wajen fitar da abin da ba cikamako ba, amma yakan bar wasu su kutsa, domin "is" yana ɗaukar bayanin wuri kamar yadda yake ɗaukar sifa. Ki ƙara tambaya guda: abin yana amsa "ina" ne ko "yaushe", ko kuwa yana amsa "mene ne" ko "a wane hali"? "On the table" yana amsa ina, don haka bayanau ne na wuri, ko da yake jimlar ba ta cika sai da shi. Babban littafin nahawun da Randolph Quirk da abokan aikinsa uku suka fitar a 1985, A Comprehensive Grammar of the English Language, ya jera ginin jimla guda 7, ya ware wa irin wannan gida na kansa mai suna SVOA (aikau, aikatau, karɓau, bayanau), daban da SVOC (aikau, aikatau, karɓau, cikamako) da muke magana a kai. Amma "She left the room in a mess" cikamako ne, domin "in a mess" hali yake nunawa, ba wuri ba. Game da "running" da "sing" kuwa, ni ina koyar da su a matsayin cikamako, saboda yaron shi ne mai gudun, matar ita ce mai waƙar, alaƙar mubtada'i da habari da Baba ya faɗa tana nan.

Ɗalibin digiri na biyu a kimiyyar harshe:
Malam, a nan ne na ɗan saɓa maka. Alaƙar tana nan, amma "sing" aikatau ne, yana iya ɗaukar karɓau nasa, kamar a "We heard her sing a song", abin da sifa ko suna a matsayin cikamako ba sa yi. Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a nahawunsu na Cambridge na 2002, sun kira irin su "captain" da "green" predicative complement, mai komawa ga aikau ko ga karɓau, suka ware irin su "sing" da "running" a wani babi daban na aikatan da ke sarƙafe da juna. Ina ganin cusa komai ƙarƙashin suna ɗaya shi ne ke sa ɗalibi ya kasa gane iyakar abin.

Malama mai koyarwa a kwalejin ilimi:
Ɗana, maganarka tana da ƙarfi a aji na jami'a, amma wannan yarinya jarrabawar sakandare za ta zauna, kuma littafin da ke hannunta ya riga ya ɗauki matsaya. Shawarata gare ta ita ce ta san cewa suna da sifa su ne wurin da babu saɓani, ta ƙware a kansu, a sauran kuma ta bi littafin makarantarsu. Abin da na fi so ta kiyaye shi ne rubuta amsa cikakkiya, ta ambaci abin da cikamakon yake cikawa, misali complement of the object "Audu". Kuma ta kula da "as", domin regard da describe ba sa tafiya sai da ita: "They regard him as a leader", ba "They regard him a leader" ba. Wani lokaci kuma cikamakon yakan riga karɓau zuwa idan karɓau ya yi tsawo, kamar a "He made clear his intention to resign", ko a sa "it" ya riƙe wa karɓau wuri, kamar a "I find it difficult to sleep", inda "difficult" shi ne cikamako.

Mai aikin fassara:
Bari in ba ƙanwarmu aikin gida da wata jimla da ta taɓa tsayar da ni tsawon wani yammaci ina kan fassarar wani labari: "She made him a good wife". Mene ne aikin "a good wife"?

Ɗaliba mai shirin WAEC:
Yaya, na gwada duka. "He is a good wife" ba ta yiwu ba, don haka ba cikamakon karɓau ba ne. "A good wife was made for him" kuma tana nuna kamar ƙera masa matar aka yi, don haka ba karɓau kai-tsaye ba ne. Wadda ta zauna ita ce "She is a good wife", wato ta zame masa mace ta gari. Ashe cikamakon yana tsallake "him" ya koma kan aikau? In haka ne amsata ita ce subject complement, "him" kuma indirect object. Malam, a duba mini kafin in rubuta a littafina.

Malamin Turanci na sakandare:
Rubuta, 'yata, haka yake. Ki ajiye "She made him a good husband" a ƙarƙashinta, ki kawo mana amsarta gobe.